Wanda Ya Cire Talabijin Daga Gidansa Ya Ci Bashi

Ba ni na cire talabijin daga gidana ba. Gara in faɗi wannan tun da wuri, kada wani ya ɗauke ni mai tsentseni ko mai hangen nesa. Wutar lantarki ce ta cire shi. Wani dare ne a daminar 2022, mun kwana biyu ba wuta a layinmu, sai wajen ƙarfe tara da rabi aka kawo ta da ƙarfin da ya wuce kima. Ƙwan tsakar gida ya yi wani irin haske ya fashe, muka ji ƙara daga falo, ƙaurin waya ya cika gidan. Washegari na naɗe talabijin ɗin a tsohon bargo, na ɗaure a bayan babur, na kai wa mai gyara. Ya kwance bayansa, ya haska da tocilan, ya yi tsaki. "Yallaɓai, wannan in ka gyara asara biyu za ka yi. Cika kuɗi kawai ka sayi sabo." Na ce to, bari a yi albashi.

Aka yi albashi, kuɗin makarantar yara ya lamushe shi. Na gaba ya tarar da Hajiya ba lafiya. Yau shekara uku ke nan da 'yan watanni, ƙarfen da ake rataye shi yana nan a jikin bangon falo, ba komai a kansa sai kalandar da wani ɗan takara ya raba.

Baƙo in ya shigo falonmu, kafin a gama gaisawa idonsa ya kai bangon nan. Mutanenmu fassara biyu kawai suke yi wa gidan ma'aikacin da ba talabijin: ko dai talauci ya yi masa kamun kazar kuku, ko kuma ya shiga wani sabon ustazanci. Masu zaton farko sukan yi shiru cikin tausayi. Yayar mai ɗakina ta taɓa jan ta gefe ta ce, "Ke, in abin ya yi tsanani ne ki faɗa mana, akwai ƙarami a ɗakin yara ba mai kallo." Masu zato na biyu su suka fi ba ni kunya, don yabona suke yi a kan abin da ban aikata ba. Wani dattijo a masallacinmu ya riƙe hannuna bayan sallar la'asar, ya ce Allah ya yi mini albarka da na kori shaiɗan daga gidana. Na kasa ce masa shaiɗan ɗin da kansa ya ƙone, kuma a ranar ma ina cikin lissafin yadda zan sayo wani.

Ban ga laifinsu ba. A wurinmu talabijin ya daɗe da wuce abin kallo, ya zama shaidar rufin asiri. 'Yan ganin ɗaki in sun shiga wurin amarya, bayan gado da kujeru sai kayan kallo, kuma kafin su kai bakin titi an san inci nawa ne. Gidan da babu shi, sai an nemi dalili.

Ga ra'ayina bayan shekara uku: gida yana iya zama lafiya lau ba talabijin, har ma ya fi da samun natsuwa. Amma ba a kyauta ake samun haka ba. Akwatin nan aiki yake yi a gida, aikin da wani ya kamata ya yi sai ya sulale ya bar masa. In aka cire shi, aikin yana nan yana jiran mai shi. A yawancin gidajenmu kuwa, mai shi ɗin maigida ne.

Kafin in kai can, bari in amsa wa abokaina masu cewa ai mu ma da talabijin muka tashi, me ya same mu? Gaskiya ne da shi muka tashi. Tun 1959 aka buɗe gidan talabijin na farko a Najeriya a Ibadan, zamanin Awolowo, gwamnatin Sardauna ta biyo baya da na Kaduna a 1962, aka haɗe gidajen a ƙarƙashin NTA a 1977. Mu a Kano, a farkon shekarun 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta ƙara mana da CTV 67, wanda yanzu ake kira ARTV. To amma ku tuna yadda abin yake. A lungunmu gida ɗaya ne mai talabijin, baƙi da fari, a cikin akwatin katako mai ƙyaure biyu kamar kabad, makullinsa a aljihun Alhaji. Bayan isha'i ake fito da shi tsakar gida, mu yaran unguwa mu cika tabarma, wanda bai wanke ƙafa ba a kora shi. In hoto ya fara rawa sai a tura wani yaro ya juya dogon ƙarfen eriya, yana can yana tambaya, "Ya yi?" mu kuma muna amsa masa baki ɗaya, "Bai yi ba! Koma baya kaɗan! Yauwa, tsaya haka!" Sau da yawa haka zai tsaya riƙe da ƙarfen har a gama wasan Samanja, sai dai a ba shi labari.

Wancan talabijin ɗin yana da lokacin buɗewa, wajen la'asar, yana da lokacin rufewa, wajen tsakar dare, a sa taken ƙasa, allo ya koma tsaki-tsaki, kowa ya kama gabansa. Tasha ɗaya ce ko biyu. Shirin da kake so sau ɗaya yake zuwa a mako, sauran kwana shida kana langa da tsalle-tsalle a dandali. Dattijo yana zaune a wurin, abin da ya gani shi ka gani. Daga 1992, da gwamnatin Babangida ta kafa hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin aka ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi, sai kuma farantan tauraron ɗan'adam suka cika rufin gidaje, abin ya zama wani abu daban, suna ne kawai bai canza ba. Na yau ba ya barci. Tashoshi sun fi ɗari, wasu zane mai motsi na yara suke sakawa dare da rana, wasu fim ɗin Indiya ko na Turkiyya mai fassara wanda ba ya ƙarewa sai an shekara. Don haka in mutum ya ce da shi muka tashi, sai in ce a'a, da kakansa muka tashi, shi kuwa kakan mai kunya ne.

A gidana, kafin ƙonewar nan, masu ba da wuta su ke tsara mana yini. Da an ji yaran layi sun ɗauki ihun "an kawo wuta," duk abin da ake yi an ajiye shi ke nan. Yaro yana tsakiyar aikin gida zai wurgar da fensir, mai cin tuwo ya ɗauki kwanonsa ya nufi falo. Ba wanda yake tambayar me ake nunawa. A kunna dai, tunda ba a san sa'ar da za a ɗauke ba. Haka zai yi ta magana shi kaɗai ko ba kowa a falon, baƙo ya zo a gaisa da shi ido yana kan bango.

Makonnin farko bayan ya ƙone ba su yi daɗi ba ko kaɗan, kuma duk wanda ya ce maka daga cire talabijin sai gidansa ya koma aljanna, bai gaya maka gaskiya ba. Yaran suka koma faɗa da juna kamar zakaru. Na tsakiyan ya ƙaura gidan maƙwabta, sai an aika an kamo shi. Ni kuwa ban ji komai a jikina ba, don ni dama ba mazaunin gida ba ne. Malamin sakandare ne ni, in fita tun bakwai na safe, in biya wani ɗan aikin koyarwa da yamma, in dawo gab da magariba, in ci abinci, daga sallar isha'i in zarce majalisa a gaban mai shayi har sha ɗaya. Ranar Asabar da Lahadi kuma ina gidan kallon ƙwallo. Har na fara yi wa abokai alfahari cewa ni fa na ga amfanin rashin talabijin, ba zan sake saye ba.

Wani dare na dawo na tarar da mai ɗakina zaune a falo ita kaɗai, wuta na nan, fanka na juyawa, yara sun yi barci. Na ce lafiya ba ki kwanta ba? Ta ce, "Malam, zauna, magana nake so mu yi." Na zauna. Ta ce, "Na ji an ce kana gaya wa mutane ka daina sayen talabijin. To ni ban ƙi ba. Amma ina so ka gaya mini, da wa ka yi shawara? Kai kana da makaranta, kana da majalisa, kana da gidan ƙwallo. Ni daga kicin sai ɗaki, daga ɗaki sai bakin famfo. In na gama aiki yara suna makaranta, wannan abin shi ne mai yi mini magana. In ina girki shi ne mai riƙe mini su. Yanzu ka bar ni da bango da yara huɗu, ka tafi kana karɓar yabo."

Ban sami abin cewa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuwa ɗakin ma ba na zama a cikinsa balle in sani.

Wannan maganar tata ita ce ta sa nake rubutun nan, don na lura duk sa'ar da aka tayar da zancen talabijin da tarbiyya, a masallaci ne ko a rediyo ko a Facebook, maza ne ke yin sa, kuma a kan mata da yara ake yin sa. An ce mata sun lalace da kallo, sun bar girki yana ƙonewa, sun koyo raina miji daga fim. Wasu daga ciki gaskiya ne. Amma ba a cika tambayar me ya sa mace mai hankali za ta zauna awa huɗu tana bin labarin wasu mutane a wata ƙasa da ba ta taɓa zuwa ba. Amsar ba ta da wuya: ba wanda yake ba ta labarin komai. An ɗauko ta daga gidansu mai cike da 'yan'uwa da kakanni da kishiyoyin uwa, an kai ta bayan gari an sa a gida mai get da doguwar katanga, maƙwabciyarta ma sai ta yi sati ba ta gani ba. Iyayenmu mata ba su da talabijin, amma suna da tsakar gida mai mata goma, ana daka ana sussuka ana kitso ana hira. Mun rushe wannan, mun ba matanmu akwati a madadinsa. Namijin da zai zo ya ɗauke akwatin da sunan gyara, sannan ya saɓa rigarsa ya tafi kallon Arsenal da Chelsea har dare ya raba, zalunci ya yi, ko da kuwa da ayoyi ya kafa hujja.

Sulhun da muka yi shi ne, ko in sayo talabijin, ko in zauna a gida. Na zaɓi zama, kuma in faɗi gaskiya, rabin dalilin rashin kuɗi ne. Majalisa ta koma kwana biyu a mako. Sauran kwanakin daga isha'i ina gida.

Daren farko ban san abin da zan yi da kaina ba. Muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, yara suna kallona ina kallonsu kamar baƙon da ya zo daga ƙauye. Na ce bari in yi musu tatsuniya. Na gyara murya na ce, "Ga ta nan ga ta nanku." Shiru. Sai autarmu, tana da shekara huɗu lokacin, ta waiga hagu da dama ta ce, "Abba, tana ina?" Ba ɗaya a cikinsu da ya san ana cewa "ta zo mu ji ta." Na koya musu, na kama labarin Gizo da Ƙoƙi, ban kai tsakiya ba na ɓace, na haɗa kan wata tatsuniya da wutsiyar wata. Uwarsu ce ta riƙa gyara mini daga kicin tana dariya, ƙarshe ta fito da ludayi a hannu ta ƙarasa. Da Hajiya ta warware ta zo ta yi mana wata biyu, sai na gane mu duka almajirai ne. Ita tatsuniyarta da waƙa take tafiya, yara suna amshi, kuma ba ta taɓa yarda ta yi da rana, ko sun yi kuka.

Amma kada in mai da abin labarin daɗi zalla. Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin zaman nan ba mai daɗi ba ne. Ɗana na biyu yana aji huɗu na firamare a lokacin, takardar sakamakonsa kullum tana nuna yana cikin goman farko. Wani dare aka sayo ƙosai a naɗe cikin tsohuwar jarida, na miƙe takardar na ce karanta mini wannan layin. Ya kalla, ya kalle ni. Na ce to wannan kalmar. Ya fara lalube harafi ɗaya-ɗaya, ya tsaya, hawaye suka cika idonsa. Na ɗauko littafinsa na makaranta, ya karanta shafi guda tiryan-tiryan, ko kallon takardar ba ya yi sosai. Ashe hadda yake yi. Yaron bai iya karatu ba, kuma ni, mai gyara rubutun 'ya'yan mutane da jan biro shekara goma sha, ban sani ba. Ba zan ɗora wa talabijin alhakin rashin karatunsa ba, wannan tsakanina ne da makarantar da na riƙa biya. Abin da akwatin ya yi shi ne ya rufe mini ido: muddin yaro yana zaune shiru a gabansa, ba ya kuka ba ya ɓarna, sai in ɗauka komai lafiya. Wata biyar muka yi muna zama ni da shi, rabin awa kowane dare, kafin bakinsa ya buɗe.

Maganar kuɗi ba sai na ja ta ba. Kowa ya san yadda man fetur ya koma tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, kuma a Afrilun 2024 aka mai da yunit ɗin wuta naira 225 ga waɗanda ke rukunin farko na masu amfani da wuta, wato Band A. A da nakan tayar da ƙaramin janareta don kawai kada a rasa wani shiri, ga kuɗin dikoda duk wata. Yanzu in an kawo wuta, ma'anarta a sa caji, a yi guga, a tura ruwa tanki. Ba mai wurgar da fensir.

Sai dai akwai ramin da na ga mutane da yawa sun faɗa, ni ma na faɗa: gudun gara a faɗa gidan zago. An cire talabijin daga bango, an raba wa kowa nasa a tafin hannu. Ni a ganina wannan ya fi na da muni nesa ba kusa ba. Na bango dai kowa yana ganinsa. In aka zo wurin da bai dace ba, ka ga babbar yarinya ta miƙe ta ce bari in duba tukunya, ko wani ya lalubi rimot da sauri don ya ji sallamar maigida. Ko faɗan rimot ɗin ma wani abu ne, ana jayayya, ana haƙuri, ana bar wa babba. Waya kuwa a ƙarƙashin bargo ake kallonta, da abin ji a kunne, ba mai sallama a kanta. Shi ya sa ma da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawararta a 2019, ba talabijin kaɗai ta ambata ba, kowane irin allo ta haɗa: yaron da bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi a gabansa, daga shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Mu nan jariri yana kuka sai a kunna masa TikTok a ɗora masa a cinya.

Babbar 'yata ce ta kama ni. Ina zaune a tabarmar nan da sunan hira da iyali, babban yatsana yana ta aiki a kan waya, ina amsa musu da "uhm, uhm." Sai ta ce, cikin ladabi kuwa, "Abba, mu ne dai ba mu da talabijin. Kai naka yana aljihu." Laifi tudu ne. Daga ranar muka samo wani tsohon kwanon sha, daga magariba zuwa ƙarfe tara duk wayar gidan tana ciki, tawa ce ta farko. Ba kullum dokar take aiki ba. Akwai daren da nake cewa ina jiran kiran shugaban makaranta, kowa kuma ya san ƙarya nake yi, sakamakon wasa nake son gani.

Kuma ba zan ce mun daina kallo ba. Mai ɗakina tana bin shirye-shiryenta na Hausa masu dogon zango a YouTube, tunda yanzu can ake sakin da yawansu. Bambancin shi ne sai ta zaɓa, sai ta sayi data, in kashi ɗaya ya ƙare ta ajiye. Ranar Juma'a da daddare mukan jingina kwamfutata a kan kujera mu kalli abu ɗaya gaba ɗayanmu, in ya ƙare a rufe. Kusan dai mun koma tsarin gidan Alhaji na lungunmu, har da makulli.

Akwai abin da muka rasa, kuma ba ƙarami ba ne. Ranar Arfa Hajiya takan so ta zauna ta ga alhazai a kan dutse tana share hawaye, allon waya kuwa ya yi wa idonta ƙanƙanta. Da azumi ana kewar tarawihin Makka. Ranar 11 ga Fabrairun 2024, da Najeriya ta buga wasan ƙarshe na kofin Afirka da Kwaddibuwa a Abijan, kwashe yaran na yi muka tafi gidan maƙwabci muka cika masa falo. Muka fara ci, muka yi ihu har matarsa ta leƙo, aka farke, aka ƙara mana, muka dawo gida a jere ba mai magana. Yarana kan dawo daga makaranta su ce ana ta hirar wani shiri su kaɗai ne ba su san kansa ba, kuma na san zafin wannan a wurin yaro. Ban manta ba kuma, a kullen korona na 2020 da aka rufe makarantu, darussan da aka riƙa sakawa a rediyo da talabijin sun taimaki gidaje da yawa, har da nawa. Tun da Arewa24 ta fara a 2014, yaran Hausawa sun ga ana girki da wasanni da muhawara da harshensu a allo mai kyau, wannan ba abin rainawa ba ne.

Hujjar da ban karɓa ba ita ce ta labarai. Wai gidan da ba talabijin yana cikin duhu. A Arewa? Mu da muka san duniya ta kunne? Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake magana, kafin a kunna talabijin ko ɗaya a ƙasar nan. Tafsirin Malam Abubakar Gumi daga masallacin Sultan Bello ta rediyon Kaduna ya shiga ƙauyukan da har yau ba su ga turken wuta ba. Tun da tashar rediyon Freedom ta buɗe a Kano a 2003, siyasar jihar nan a rediyo ake dafa ta a rediyo ake cin ta. Mai gadi da rediyonsa a rataye ya fi wani mai allo inci sittin sanin abin da ake ciki. Kuma rediyo ba ya ɗaure mutum. Kana ji kana wanki, kana ji kana gyaran wake, idonka yana kan ɗanka.

Haka ma masu cewa a gaban zane mai motsi yaro yake koyon Turanci. Yana kamo lafazi, na yarda, har ka ji ɗan shekara biyar yana magana ta hanci kamar ɗan Amurka. Ina karɓar irinsu a aji ɗaya na sakandare duk shekara. Ka ce su rubuta maka layi biyar a kan abin da suka ci jiya, a nan ake yin ta.

Wasu kuma so suke hukuma ta ɗauke musu nauyin: a hana kaza, a rufe tasha kaza. Kano tana da hukumar tace fina-finai tun 2001, tana iya kiran mai shirya fim a Kano ta tuhume shi, amma ba ta da hannun da zai kai ga abin da ke saukowa daga sama zuwa farantin da ke kan rufinka, balle wayar da ke ƙarƙashin matashin ɗanka. Ƙasashe sukutum sun gwada toshe ƙofar. Gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta hana talabijin shiga ƙasar har 1976, ƙasar Butan da ke tsaunukan Himalaya ta riƙe har 1999, dukansu daga baya suka buɗe. Abin da gwamnati ta kasa da sojanta, ba wa'azin Juma'a ɗaya ne zai yi shi ba, musamman in mai wa'azin da yamma a tashar tauraron ɗan'adam za a gan shi yana maimaitawa. Wannan shawara ce ta cikin gida, kuma ba kowane gida za ta yi wa daidai ba. Direban tirela da ke kwana goma a hanyar Legas, ko ɗan kasuwar da ke Kwatano rabin shekara, ban ga da wane baki zan ce masa ya cire wa iyalinsa talabijin ba. Tsohuwar da 'ya'yanta suka watse, ba mai ɗebe mata kewa sai tashar karatun Alƙur'ani, a bar mata abinta. Maganata da mai dawowa gida kowace magariba ce, wanda ƙafarsa ke ƙaiƙayi da an sallame isha'i.

Kafin babbar sallar da ta wuce aka biya mu wasu kuɗaɗen ariya da muka daɗe da fid da rai. Na zo na ajiye a gaban mai ɗakina na ce ga alkawari, gobe sai mu je ki zaɓi wanda kike so, inci nawa ne. Ta ƙirga, ta yi shiru, ta ce a sayo mata keken ɗinki, in da canji a ƙara da fanka mai caji saboda zafin bazara. Na ji daɗi har na kasa ɓoyewa. Na tashi na ɗauko sukundireba na nufi bango, na ce to bari in kwance ƙarfen nan tunda ba shi da sauran amfani, ya ishe ni da tambayar baƙi.

Ta ce, "A'a Malam, bar shi a nan. Duk ranar da ka koma majalisa kullum, washegari za ka dawo ka tarar na rataya wani, ko da bashi ne."

Na mai da sukundireban cikin durowa.